Stanislaw Ulam: masanin lissafin da ya sa ƙuri'a ta yi wa ilimi aiki

Cikin manyan masanan lissafi na ƙarni na 20 akwai wani mutumin ƙasar Polan mai suna Stanislaw Ulam, wanda yaƙi ya raba shi da gida da dangi, ya ƙare kwanakinsa a Amurka. Sunansa bai bazu cikin duniya kamar na Einstein ba, amma ya bar wa masana wata dabara da suke cin moriyarta kullum. Da ita ake auna kaurin bangon da ke tsare ma'aikatan tashoshin lantarki na nukiliya. Da ita ake ƙiyasta yawan hasken da likita zai ƙona ciwon daji da shi. Da ita kuma ake fassara abin da manyan injunan binciken ƙwayar zarra suka gani. Ana kiranta dabarar Monte Karlo. Tushenta abu ne mai sauƙi: idan matsala ta sarƙe har alƙalami ya kasa warware ta, sai a gwada ta sau dubbai ta hanyar jefa ƙuri'a, a ƙidaya abin da ya fito, ƙidayar nan ita za ta nuna amsa. Ga tarihin mutumin, da yadda aka yi dabarar ta zo masa.

Haihuwa da karatu

An haifi Ulam ranar 13 ga watan Afrilu na shekara ta 1909 a birnin Lwow. A zamanin nan birnin yana ƙarƙashin daular Ostiriya da Hangari. Bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Polan, yanzu kuwa yana cikin ƙasar Ukren, ana ce masa Lviv. Iyayensa Yahudawa ne masu hali. Mahaifinsa, Jozef, lauya ne, cikin dangi kuma akwai masu banki da masu aikin gine-gine. Lokacin yaƙin iyalin sun yi zaman gudun hijira a birnin Biyena, sa'an nan suka komo gida cikin shekara ta 1918.

Tun yana yaro hankalinsa yana kan taurari da lambobi. Cikin shekara ta 1927 ya shiga babbar makarantar fasaha ta Lwow, inda iyayensa suke fatan ya fito injiniya. Amma a ajin farko ya gamu da wani malami mai suna Kazimierz Kuratowski, wanda ya lura da kaifin basirarsa, ya ja shi zuwa ga lissafi tsantsa. Yana da shekara 20 aka buga bincikensa na farko cikin babbar mujallar lissafi ta Polan. Cikin shekara ta 1933 ya sami digirin dokta, yana ɗan shekara 24.

Makarantar gidan gahawa

Lwow ta wancan zamani matattarar masanan lissafi ce, shugabansu kuwa Stefan Banach. Rabin aikinsu ba a aji suke yinsa ba, a wani gidan shan gahawa ne mai suna Szkocka. Nan Banach da Stanislaw Mazur da Ulam da sauransu suke zama tun hantsi har dare, wannan ya jefa tambaya, wancan ya gwada amsa, suna rubutu da fensir bisa teburorin marmara. Akwai zaman da suka yi na awa 17, ba abin da ya katse shi sai cin abinci. Da yake ma'aikatan gidan suna goge teburorin, hujjoji da dama sun salwanta. Don haka cikin shekara ta 1935 aka sayi babban littafi aka ajiye a gidan, wanda duk ya zo da tambaya sai ya rubuta ciki. Kafin shekara ta 1941 an tara tambaya 193, guda 40 daga ciki na Ulam ne shi kaɗai. Wani lokaci mai tambaya yakan sa goro ga wanda ya warware. Mazur ya taɓa alkawarta wata babbar agwagwa mai rai, ba a kuwa sami mai cin ta ba sai cikin shekara ta 1972, sa'ad da wani mutumin Suwidin mai suna Per Enflo ya kawo amsa, aka danƙa masa agwagwarsa.

Wannan zama shi ya gina halin Ulam. Ya saba da yin tunani cikin hira, da iya tsara tambaya, da neman ƙofar baya idan ta gaba ta ƙi buɗuwa. Dogon lissafi mai cin takarda bai taɓa zama abin sonsa ba.

Barin gida

Duk da sunan da ya yi, samun kujerar koyarwa a Polan abu ne mai wuya, balle ga Bayahude. Cikin shekara ta 1935 ya haɗu da John von Neumann, wani mashahurin masani ɗan ƙasar Hangari da ke aiki a Princeton ta Amurka. Von Neumann ya gayyace shi, ya shiga jirgin ruwa a watan Disamba na shekarar. Daga 1936 zuwa 1939 yana jami'ar Harvard, amma kowane hutu sai ya komo Lwow ya ga iyaye da abokai. Mahaifiyarsa ta rasu cikin shekara ta 1938.

A watan Agusta na shekara ta 1939 ya bar Polan tare da ƙanensa Adam, ɗan shekara 17, wanda za a sa makaranta a Amurka. Ba su daɗe da sauka ba, ranar 1 ga watan Satumba, sojojin Jamus suka faɗa wa Polan. Daga nan hanya ta toshe. Ƴan Nazi sun kashe mahaifinsa da ƴar'uwarsa Stefania da mafi yawan danginsa, cikin kisan ƙare dangi da suka yi wa Yahudawan Turai. Da dama daga malamansa da abokan zamansa na gidan gahawa su ma an kashe su. Ulam bai sake zama a garin haihuwarsa ba.

Cikin shekara ta 1940 ya sami aikin koyarwa a jami'ar Wisconsin. Shekarar da ta biyo ya zama ɗan ƙasar Amurka, ya kuma auri wata ƴar Faransa mai suna Françoise Aron, wadda ta zo karatu yaƙi ya hana ta komawa. Zaman jiran labarin gida ya dame shi, ya roƙi von Neumann ya sama masa wani aiki da zai taimaka wajen yaƙin. A ƙarshen shekara ta 1943 takarda ta iso masa daga masani Hans Bethe, ana kiransa wani wurin asiri a jihar Niyu Meziko. A watan Fabrairu na 1944 ya isa Los Alamos, shi da matarsa.

Tsaunin Los Alamos

Los Alamos wani ƙauye ne bisa tsauni, inda gomnatin Amurka ta tara masana don ƙera bam na nukiliya kafin Jamus ta riga ta. Don a gane aikin Ulam a can, sai a san abin da ke faruwa cikin ƙarfen uraniyom. Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya. Akwai wata ƙanƙanuwar ƙwaya da ake kira nutron. Idan ta bugi cibiyar wani nau'in uraniyom, cibiyar takan tsage biyu, ta fid da zafi mai yawa, ta kuma saki sababbin nutron biyu ko uku. Su ma sai su je su tsaga wasu, kamar yadda wuta ke cin busasshiyar ciyawa. Amma ba kowane nutron ne ke samun wannan rabo ba. Wani yakan bugi cibiya ya yi tsalle ya canza hanya, wani a haɗiye shi ba tare da ya tsaga kome ba, wani kuma ya fice daga ƙarfen ya ɓace. Tambayar ita ce: za su riƙa ƙaruwa ne, ko za su ƙare? Idan suka ƙaru da sauri, bam ke nan. Idan aka riƙe yawansu daidai, tashar lantarki ke nan.

Ulam ya ga abin ya yi kama da zuri'a: wani mutum ya haifi uku, wani ɗaya, wani ya mutu bai bar baya ba, a tambaya ko sunan gidan zai ɗore. Shi da wani abokin aiki, David Hawkins, suka rubuta bincike a kan haka cikin shekara ta 1944. Ya kuma yi aiki a kan lissafin yadda za a matse curin ƙarfen fulutoniyom da nakiya ta kowane gefe. A wannan shekara aka haifa masa ƴarsa Claire.

Ranar 16 ga watan Yuli na 1945 aka gwada bam na farko cikin hamadar Niyu Meziko. Ranar 6 ga Agusta aka jefa ɗaya a Hiroshima, ranar 9 aka jefa wani a Nagasaki ta ƙasar Japan. Kafin ƙarshen shekarar mutum kimanin 140,000 sun mutu a Hiroshima, kimanin 70,000 a Nagasaki. Yaƙi ya ƙare, Ulam ya tafi koyarwa a wata jami'a ta birnin Los Angeles.

Ciwo da karta

A watan Janairu na shekara ta 1946 wani mugun ciwon kai ya kama shi, har magana ta gagare shi. Likitoci suka gane kumburin ƙwaƙwalwa ne, suka yi masa aikin fiɗa na gaggawa, suka buɗe ƙoƙon kai don su rage matsi. Ya tsira da ransa, amma ya tashi da babban tsoro: ko basirarsa ta tafi? Mutumin da ba shi da gida, ba dangi, ba shi da wata dukiya sai kansa. Likitoci kuma suka hana shi tunani mai nauyi.

Don ya rage tsawon yini, sai ya riƙa wani wasan karta da mutum ke yi shi kaɗai. Ana shimfiɗa karta 52 bisa wata ƙa'ida, a yi ta jera su. Wani lokaci su jeru duka, mafi yawan lokaci wasan ya cije. Mai hali ba ya barin halinsa: Ulam ya tambayi kansa, cikin wasa ɗari, sau nawa za a ci? Ya ɗauki alƙalami ya gwada, abin ya faskara. Yawan hanyoyin da za a iya jera karta 52 lamba ce mai ɗauke da alƙaluma 68, ba mahalukin da zai bi su ɗaya ɗaya. Sai ya ga wata hanya. Maimakon a yi ta fama da lissafin da ba ya ƙarewa, a garwaya kartar sosai, a yi wasan sau ɗari, a ƙidaya sau nawa aka ci. Amsar ba za ta zama daidai ƙwarai ba, amma za ta yi kusa, kuma gwargwadon yawan wasan, gwargwadon kusancinta da gaskiya.

Nan take hankalinsa ya koma kan nutron. Rayuwar kowane nutron ai kamar wasan karta ɗaya ce, jerin sa'a da rashin sa'a. A watan Mayu na 1946 ya koma aiki Los Alamos, ya bayyana wa von Neumann wannan tunani. Von Neumann kuwa ya san da wani sabon injin lissafi da zai iya yin wasan sau dubbai ba gajiya.

Yadda dabarar take aiki

Ga misali mai sauƙi. A ce akwai fili mai faɗin hekta ɗaya, cikinsa da tabki mai karkataccen baki, ba igiyar awo da za ta iya auna shi. Ruwan sama ya sauko, ɗigonsa ba ya zaɓen inda zai faɗa. Idan an iya bin ɗigo 1,000 aka ga 300 sun faɗa cikin tabkin, to tabkin ya ci kimanin kashi 30 cikin ɗari na filin. Ba a auna bakinsa ba, an ƙidaya ne kawai.

Haka ake yi wa nutron cikin injin lissafi. A ce, don misali, awon da aka yi a ɗakin gwaji ya nuna cikin karo ɗari, sau 70 nutron yana tsalle, sau 20 ana haɗiye shi, sau 10 yana tsaga cibiya. Sai a zuba lambobi daga 1 zuwa 100 a jefa ƙuri'a. In ta faɗa tsakanin 1 da 70, nutron ya yi tsalle, sai a sake jefawa don a san inda ya nufa da nisan da zai yi. In ta faɗa tsakanin 71 da 90, labarinsa ya ƙare. In ta wuce 90, ya haifi ƴaƴa, su ma a bi su ɗaya ɗaya. Bayan an bi rayuwar dubbai, a ƙidaya nawa suka fice, nawa suka mutu, nawa suka hayayyafa. Ta haka ake sanin halin ƙarfen tun ba a narka shi ba.

Dabarar tana da sharaɗi biyu. Na farko, ƙuri'ar ta zama ta gaskiya. Mai sayen gero da ke zura hannu cikin buhuna daban daban yakan san kyan hatsin duka, amma in mai sayarwa ne ya zaɓa masa buhun da zai duba, an cuce shi. Na biyu, haƙuri. Kuskuren amsa yana raguwa sannu sannu: wanda ke son ya rage shi da rabi, sai ya ninka gwaji sau 4, wanda ke son ya rage shi sau 10, sai ya ninka gwaji sau 100.

Wannan sharaɗi na biyu shi ya hana dabarar tasiri a da, don akwai waɗanda suka hango ta kafin Ulam. Cikin shekara ta 1777 masanin Faransa Buffon ya nuna cewa in ana jefa allura bisa daɓe mai layuka, yawan faɗawarta kan layi yana da alaƙa da lambar da ake auna da'ira da ita. Cikin shekarun 1930 kuma, a birnin Roma, Enrico Fermi ya riƙa irin wannan ƙiyasi da ɗan injin hannu a kan tafiyar nutron, amma bai buga shi ba. Abin da Ulam ya gano shi ne lokacin abin ya yi, tun da an sami injin da zai ɗauki wahalar maimaitawa.

Injin ENIAC da sunan Monte Karlo

Injin nan shi ne ENIAC, kakan kwamfutocin yau, wanda aka nuna wa jama'a a jami'ar Pennsylvania a watan Fabrairu na 1946. Ya cika babban ɗaki, nauyinsa kusan tan 30, yana da fitilun gilashi irin na tsohuwar rediyo fiye da 17,000, yana tara lambobi sau 5,000 cikin daƙiƙa ɗaya. A watan Maris na 1947 von Neumann ya rubuta wa Robert Richtmyer, shugaban sashen nazari na Los Alamos, cikakken tsarin yadda za a bi nutron da injin. A watannin Afrilu da Mayu na 1948 aka yi gwajin farko. Matar von Neumann, Klara Dan, ita ta rubuta umarnin da injin ya bi, ta yi aikin tare da Nicholas Metropolis. Kowane nutron an rubuta halinsa bisa kati mai huji, injin ya karanta, ya jefa masa ƙuri'a, ya fid da sabon kati.

Sai dai inji ba ya da hannun jefa ƙuri'a, abin da aka umarce shi kaɗai yake yi. Von Neumann ya ƙago hanyar samar da lambobi masu kama da na ƙuri'a. A ɗauki lamba, a ninka ta da kanta, a cire na tsakiya. Misali 5227 sau 5227 ya ba da 27321529, na tsakiya 3215. Shi kuma 3215 sau 3215 ya ba da 10336225, na tsakiya 3362. Haka za a yi ta tafiya. Shi kansa ya san hanyar tana da rauni, don wani lokaci lambobin sukan koma suna maimaita kansu, daga baya kuwa an sami hanyoyin da suka fi ta. Bukatar ta kai har cikin shekara ta 1955 cibiyar RAND ta buga littafi guda mai ɗauke da lambobin ƙuri'a miliyon ɗaya.

Da yake aikin na asiri ne, sai an sa masa laƙabi. Metropolis ya tuna labarin da Ulam yakan ba su na wani dattijo cikin danginsa, mai rancen kuɗi wurin ƴan'uwa don ya tafi gidan caca na Monte Karlo, a ƙasar Monako, bakin tekun kudancin Faransa. Daga nan sunan ya samo asali. A watan Satumba na 1949 Metropolis da Ulam suka buga bayanin dabarar a fili, ta zama ta kowa.

Bam na haidurojin

A watan Agusta na 1949 Tarayyar Sobiyet ta gwada nata bam. Ranar 31 ga Janairu na 1950 shugaban Amurka Truman ya ba da umarnin a ƙera wanda ya fi shi, wato bam na haidurojin. Edward Teller ya yi shekaru yana kare wani tsari nasa na wannan makami. Ulam da abokinsa Cornelius Everett suka zauna da takarda da ƙananan injunan hannu, suka yi makonni suna ƙiyasi, suka nuna wutar da Teller yake son kunnawa za ta mutu kafin ta kama. Da aka sa ENIAC ya yi nasa lissafin, ya tabbatar da maganarsu. Teller bai ji daɗi ba, tsakaninsu kuma bai sake gyaruwa ba.

A farkon shekara ta 1951 Ulam ya kawo wata shawara: a yi amfani da ƙarfin bam na farko a matse kashi na biyu matsi mai tsanani kafin a kunna shi. Teller ya ƙara da cewa hasken da bam na farko ke fitarwa shi ya fi dacewa da yin matsin. Ranar 9 ga Maris na 1951 suka sa hannu kan rahoto ɗaya. Ranar 1 ga Nuwamba na 1952 aka gwada makamin a tsibiran Enewetak cikin tekun Fasifik. Ƙarfinsa ya kai kusan sau 700 na bam ɗin Hiroshima, tsibirin da aka ɗora shi a kai kuwa ya ɓace, sai rami cikin ruwa.

Wannan shi ne ɓangare mafi nauyi cikin tarihin Ulam. Wasu manyan masana, irin su Fermi, sun yi gargaɗi tun 1949 cewa makami irin wannan ba na yaƙi da soja ba ne, na hallaka al'umma ne. Ulam kuwa yana ganin binciken abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba aikin masani ne, kuma in abin mai yiwuwa ne, gara a sani da a zauna cikin duhu. Mutumin da aka ƙarar da danginsa ya sa hannu wajen ƙera makamin da zai iya ƙarar da birni cikin ƙiftawar ido. Har yanzu masu tarihi ba su daina muhawara a kan wannan ba.

Inda dabarar ta kai

Dabarar Monte Karlo ba ta tsaya gidan makamai ba. Cikin shekara ta 1953 Metropolis da Marshall Rosenbluth da matarsa Arianna, da Teller da matarsa Augusta, suka buga wata hanya ta amfani da ƙuri'a don sanin yadda ƙwayoyin zarra ke zama cikin ruwa da iska da daskararrun abubuwa. Arianna ce ta rubuta umarnin injin. Wannan hanya ta zama ginshiƙi ga masu nazarin ƙarafa da sinadarai da magunguna. Ulam da kansa, tare da Fermi da John Pasta da Mary Tsingou, sun yi wani gwaji cikin kwamfuta wanda aka fid da rahotonsa a 1955, ana kuma lissafa shi cikin gwaje-gwajen farko da aka yi cikin inji maimakon ɗakin gwaji.

A yau Los Alamos tana da tsarin bin nutron mai suna MCNP, hukumar makamashin nukiliya ta Faransa tana da nata mai suna TRIPOLI. Da irinsu ake duba yadda za a jera makamashi cikin tukunyar tashar lantarki, da yadda za a ajiye shi ba tare da wuta ta kama da kanta ba. Nan ne labarin ya taɓo Nijar. An fara haƙo uraniyom a Arlit cikin shekara ta 1971, a Akuta kuma daga 1978 har aka rufe mahaƙar a 2021, shekaru da dama kuwa wani kaso nasa ya tafi tashoshin lantarki na Faransa. Halin da nutron ke yi cikin ƙarfen da ya fito daga ƙasar Ayar, da jikokin dabarar Ulam ake lissafa shi.

A cibiyar CERN kusa da birnin Jeneba, masana sukan fara kwaikwayon karon ƙwayoyi miliyoyi cikin kwamfuta, sa'an nan su gwama da abin da injin ya gani. Da taimakon haka aka tabbatar da ƙwayar Higgs cikin shekara ta 2012. A asibitocin ciwon daji kuma ana bin tafiyar haske cikin jikin majinyaci ta wannan hanya, don a ƙona ciwon a bar lafiyayyen nama.

Ƙarshen rayuwa

Von Neumann ya rasu ranar 8 ga Fabrairu na 1957, Ulam ya yi rashin babban amini. Ya ci gaba da aiki a Los Alamos, ya yi nazari a kan tura jirgin sararin sama da ƙarfin nukiliya, daga baya hankalinsa ya karkata ga yadda lissafi zai taimaki ilimin halittu. Cikin shekara ta 1963, yana zaune a wani taro da ya gundure shi, ya zana lambobi a karkace kamar naɗin faifai, ya ga lambobin da ba sa rabuwa suna jeruwa bisa layuka. Har yanzu ana kiran zanen da sunansa. Cikin shekara ta 1967 ya zama shugaban sashen lissafi na jami'ar Colorado, daga 1974 kuma yana koyarwa a jami'ar Florida. Ya buga tarihin rayuwarsa a 1976. Ƙanensa Adam, wanda suka fito tare, ya zama babban malamin tarihin Tarayyar Sobiyet a Harvard.

Ranar 13 ga watan Mayu na shekara ta 1984 ciwon zuciya ya ɗauke shi a garin Santa Fe, yana da shekara 75. An binne shi a maƙabartar Montparnasse ta birnin Paris, garin matarsa. Wayar da ke aljihun ɗan makaranta a yau ta fi ENIAC sauri sau miliyoyi, abin da a da ke cin makonni ana gama shi kafin a shanye kofin shayi. Amma sharuɗɗan nan biyu ba su canza ba tun ranar da majinyaci ya shimfiɗa kartarsa a Los Angeles: ƙuri'a ta zama ta gaskiya, ƙidaya kuma ta yi yawa.